Tsage Uku a Kuncin Hagu

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. A aji, a masallacin mata, har a layin ɗibar ruwa na hostal, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Rukayya, wai da gaske ke kika tsallaka boda? Ke da ko kasuwar Dutsin-Ma ba kya shiga ke kaɗai?" Ni kuwa kun san ni. Idan mutum uku suka zuba mini ido, maganar da na shirya guduwa take yi. Don haka na ce bari in rubuta sau ɗaya daga ɗan littafin da na riƙa cikawa a hanya, kowa ta karanta, in samu lafiya.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Gardama ce.

Kakata ta wajen uba, Iya Lami, a Birchi take zaune. 'Yar gidan wanzamai ce, kuma duk macen da aka haifa a gidansu ana yi mata tsage iri ɗaya: gajerun layuka uku a kuncin hagu, ƙarƙashin ido. Kuncin dama ba a taɓa shi. Ni ban da shi, ba don kowa ya tausaya mini ba, sai don an haife ni lokacin Iya tana aikin Hajji. Har yau ba ta yafe ba. "Fuskar faranti" take kirana.

Iya tana da ƙanwa, Tani. Tana 'yar shekara shida aka ba wata gwaggonsu riƙonta, gwaggon ta bi mijinta fatauci zuwa arewa, ƙasar da har yau Iya ke kira Faransa. Daga nan labari ya yanke. Fiye da shekara sittin ke nan.

Ranar da matar yayana Sanusi, Anti Maryam, ta dawo daga sikanin aka ce mace za ta haifa, Iya tana gidanmu a Dutsin-Ma. Ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi! A hwaɗa ma Ilu ya wasa aska." Kawu Ilu shi ne wanzamin gidan yanzu. Na dubi Anti Maryam, na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Iya, don me za a yanka fuskar jaririya?"

Baba ma ya ajiye rediyonsa, don bai saba jin muryata a taro ba.

"Yanka? Ji min ɗiya! Shaida ce. Wanda ke da shaida ba ya ɓacewa."

"To ina Inna Tani?"

Da na san yadda fuskarta za ta canza da ban faɗa ba. Can ta ce, "Kai ni. Ke mai boko da waya, kai ni Faransa. In tsagen nan ya kai ni wurin Tani, za a yi ma ɗiyar Sanusi. In bai kai ni ba, na haƙura har abada. Alhaji, kai ne shaida."

Baba ya ce ya shaida, a zatonsa zance ne. Da yamma Anti Maryam ta same ni ina wanke-wanke, ta ce a hankali, "Rukayya, ni ba zan iya yi wa Iya musu ba. Fuskar 'yata tana hannunki."

Baba yana cinikin hatsi da wata Hajiya Mariyama a Maraɗi. Na ɗauki hoton selfi ni da Iya a gaban shagonsa, na tura wa Hajiyar, ta yi alkawarin za ta baza shi wurin direbobi da 'yan kasuwa. Bayan sati biyu ta kira: an samu wata tsohuwa mai irin tsagen a cikin Maraɗi. Hutun zango ya zo daidai. Muka shirya.

Mun tashi da hantsi, don Baba ya ce ba ya son yamma ta same mu a hanya. Kayana jaka ɗaya ce, rabinta littattafai. Kayan Iya kuwa: turmin atamfa, ƙullin kuka, ƙullin daddawa mai girman kan yaro, da buta, wai ba ta yarda da butar Faransa ba. Mun wuce Kurfi Iya tana nuna wa fasinjoji gonakin da ta taɓa yi wa roron wake. A Katsina muka canza mota zuwa Jibiya. Iyakata da duniya a da Katsina ce.

Na ɗauka boda wata ƙatuwar katanga ce. Ashe sanda ce a gicciye, da rumfuna, da masu sayar da rake. Jakin da ke wancan gefe da na wannan gefe duk kuka ɗaya suke yi. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya karɓi katina ya duba, ya miƙa wa Iya hannu. Katinta yana cikin lalitarta, ni na saka mata da kaina. Amma sai ta janye mayafi ta juya masa kunci.

"Ga katina nan, ɗana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ga shi ma fuskarsa cike take da zube, dogayen layuka tun daga gefen baki har kunne. Ya fashe da dariya, ya ce, "Inna, wannan katin ya fi nawa daɗewa, amma ba ya shiga na'ura. Kawo na Gwamnati." Ta ba shi. Ya buɗe ƙullin daddawa, ya yi saurin rufewa, ya ce mu sauka lafiya.

Muna komawa mota Iya ta zungure ni. "Rubuta a littahin naki. Ya gane ni."

Na rubuta. Na kuma rubuta a ƙasa cewa sai da ya ga katin.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Maraɗi shi ne wadda ta zo tarbarmu. 'Yar Hajiya ce, Nafisa, sa'ata, da hijabinta har ƙasa, a kan babur, ita ke tuƙawa! Na tsaya ina kallonta baki buɗe. A Karofi kusa da garinmu, inda kowane gida da babur, ban taɓa ganin mace ta riƙe kansa ba. Ta sa mu a adaidaita, ta shige gaba muna bin ta. Iya ta ce, "Ikon Allah. Uwar wannan tana da rai?"

Hausarsu ba ta da nisa da tamu, kamar kana Kurfi. Sai dai makaranta lakwal ce a wurinsu, asibiti kuma likita. Gidan Hajiya babba ne, rabinsa sito. An sauke mu a ɗakin da ke ƙamshin aya, aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa, da wani burodi dogo siriri mai tauri. Iya ta juya shi ta ce a ba ta wanda aka gasa don ci, wannan na korar akuya ne. Amma da aka jiƙa mata a shayi, ita ta cinye rabinsa.

Washegari da safe Hajiya ta tafi sito, Nafisa ta kai mu gidan tsohuwar da aka samo. Baraka sunanta. Kafin mu gama sallama ta rungume Iya tana kuka, "'Yar'uwata! 'Yar'uwata!" Ni ma hawaye ya cika mini ido. Iya kuwa ta tsaya ƙiƙam. Ta ɗago fuskar matar ta duba.

"Mi sunan uwarki?"

"Hassu."

"A ina aka haihe ki?"

"Nan bayan kasuwa."

"To kukan mi kike?"

Baraka ta share ido ta ce, "An ce mini baƙi za su zo daga Najeriya da tsaraba, kuma 'yan'uwa ne. Ni duk wanda ya ce ni tasa ce ba na musu." Muka yi ta dariya, har Iya. Tsagen nata uku ne, amma a kuncin dama, kuma na magani ne, ciwon ido ta yi tana jinjira. Na tattara ƙarfin hali na yi mata tambayar da na rubuta a shafin farko na littafina, wadda na ƙudura zan yi wa kowace mace mai alama a jiki: "Inna, an tambaye ki kafin a yi miki?"

"Wa ke tambayar jinjiri, 'yar nan? Ke an tambaye ki kafin a huda miki kunne?"

Na taɓa kunnena. Ban taɓa tunanin wannan ba. Muka bar mata rabin daddawar, ta raka mu har titi tana sa albarka.

Da muka isa gidan Hajiya, Iya ta ƙi cin abinci. Ta ce gobe mu koma gida, Allah bai nufa ba. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Bayan la'asar ina taya Hajiya tsinke zogale a madafa, sai ta ce, "Wallahi na so a dace. Akwai ma wani direba da ya ce ya san wata tsohuwar ungozoma a Dakoro mai irin tsagen sak. Amma nata a hagu yake. Na ce masa ba ita ba ce, tunda a hoton da kika turo a dama yake."

Hannuna ya tsaya. Hajiya ba ta lura cewa na Iya ma a hagu yake ba, don tsufa ya sa tsagen Iya ya shige cikin tamojin fuska, kuma tun zuwanmu mayafi ke rufe da shi. Na fita bayan sito na buɗe hoton. Ga ni, ga Iya, ga buhunan Baba a bayanmu. Rubutun jikin buhunan a juye yake, daga dama zuwa hagu. Kyamarar gaba ta juya mu kamar madubi. Ni da nake karanta takardar jarrabawa sau uku kafin in miƙa, na tura hoton da ya mayar da hagu dama, sati biyu ana neman macen da ba ta wanzu ba.

A daidai lokacin saƙon Anti Maryam ya shigo: "Ya ake ciki?"

Ƙawayena, a nan ne tafiyar ta yi mini nauyi. Babu wanda ya sani sai ni. Idan na yi shiru, gobe mu koma gida, Iya ta faɗi gardama, jaririya ta tsira da fuskarta. Idan na yi magana, kuma tsohuwar Dakoro ta zama Inna Tani, to tsage ne ya kai mu, kuma ni da kaina na miƙa wa Kawu Ilu aska. Na zauna a kan wani buhu har inuwar katanga ta rufe ƙafata. Na tuna fuskar Anti Maryam. Na kuma tuna bayan Iya da ta juya wa ƙofa, ƙanƙane kamar na yarinya.

Na rubuta wa Anti Maryam, "Ki yafe mini." Sannan na shiga ɗaki.

"Iya, na yi kuskure."

Na nuna mata hoton, na yi bayani. Ta tashi zaune.

"Kin san abin da wannan ke nuhi ga gardamarmu?"

"Na sani."

"Kuma kika hwaɗa."

Ta ce a kawo mata dambun da ta ƙi ci.

Hanyar Dakoro ita ce mafi daɗin tafiyar. Itatuwa suka riƙa raguwa, raƙuma suna ƙaruwa. A motar muka zauna kusa da wata Buzuwa mai suna Takna da mijinta. Shi ya naɗe fuskarsa da rawani, idanu kawai ake gani. Ita kuwa fuskarta a buɗe, tana ta hira da direba da Hausarta mai daɗi. Iya ta raɗa mini, da ƙarfin da kowa ya ji, "Nan kuma mazan ke kulle?"

Takna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce a wurinsu tantin da ake kwana a ciki na mace ne, uwarta ke haɗa mata shi. In aure ya mutu, namiji ke ɗaukar sirdinsa ya fita. Na rubuta da sauri har biro na yaga takarda. Na ce a raina, ga inda mata suka huta.

Ana cikin haka taya ta fashe. Muka sauka ƙarƙashin wata aduwa, mijin Takna ya fito da 'yar butar shayi da gawayi kamar da ma jira yake. Shayinsu zagaye uku ne. Na sha na farko, ɗaci ya kusa fitar mini da hawaye. Na sha na biyu don kunya. Da na uku ya zo na ce na ƙoshi, sai duk suka juyo suna kallona kamar na zagi wani. Takna ta ce, "Kin sha wahalar, za ki bar daɗin?" Na karɓa. Gaskiyarta, kamar zuma.

A nan na yi mata tambayata, ko da yake ban ga alama a fuskarta ba. Ta ce nata ba a fuska yake ba. Ta kama damtsenta ta girgiza. Tana yarinya, in ji ta, kakarta ta riƙa ɗura mata nono da gero safe da rana, ko tana so ko ba ta so, don a wurinsu a da mace mai jiki ita ce kyakkyawa, kuma shaida ce cewa gidansu da dabbobi. In ta ƙi sha, a matse mata yatsu. "Yanzu gwiwoyina ke biya," ta ce. "'Yata kuwa siririya ce kamar ke. Na ce babu mai ɗura mata komai." Na soke abin da na rubuta a baya, na gyara: tanti nata ne, amma jikin ba a bar mata ba.

Mun shiga Dakoro ranar kasuwa. Ban taɓa ganin fuskoki iri-iri a wuri ɗaya haka ba. Matan Bororo suka fi ɗaukar mini ido: jarfa baƙa-shuɗiya a gefen baki da kumatu kamar saƙar tabarma, kowane kunne da manyan zobba jere tun daga sama har ƙasa. Na ƙirga na wata budurwa mai sayar da nono, takwas a kunne ɗaya. Ta kama ni ina ƙirgawa. Don kunya na sayi nonon da ba na buƙata, sannan na yi tambayata.

"Tambaya? Ni na dame su! Innata ta ce in bari sai baɗi, na yi kwana uku ban ci abinci ba." Ta leƙa fuskata da tausayi na gaske. "Ke ba ki da kowa ne? Ba wanda ya yi miki ko ɗigo?"

Iya ta ji daɗin wannan har ta ƙara sayen man shanu. Ni kuwa na rubuta: mace ta farko da ta ce ita ta zaɓa. Sai na tuna da mayukan bilicin da ke jere a tagogin hostal ɗinmu. Su ma babu wanzamin da ya danne kowa. Ban san a wane shafi zan sa su ba, har yanzu ban sani ba.

Babu wanda ya san wata Tani a garin. Amma da muka ce ungozoma mai tsage uku, sai mata uku suka amsa tare, "Inna Takudu!" Wato wadda ta zo daga kudu. Wata mai tallan ƙuli-ƙuli ta raka mu.

Gidan ƙasa ne mai tsabta, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Wata 'yar tsohuwa tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube, idanunta sun yi fari da yana. Na dubi kuncinta na hagu. Uku ne. Sun fi na Iya zurfi nesa ba kusa ba.

Iya da ba ta taɓa rasa magana ba ta tsaya a bakin zaure. Na riƙe mata buta. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Tani mai kukan sahe."

Gyaɗar ta zube daga hannun tsohuwar.

"Wa ke kirana da wannan suna?" Ta karkata kai. "Sake hwaɗi."

"Tani mai kukan sahe."

"Lami? Lami ɓarauniyar ƙanzo?"

Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi daidai ba, don littafina ya faɗi ƙasa kuma ban ɗauka ba. Kuka, dariya, salati, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna guɗa. Inna Tani ta riƙa shafa fuskar Iya da yatsu tana cewa, "Kin tsuhwa, Lami, kin tsuhwa!" Iya ta ce, "Ke da ba ki gani, wa ya hwaɗa miki?"

Sai bayan azahar, an ci tuwon gero da miyar kukar da muka kawo, Iya ta tuna da ni. Ta miƙe ƙafa ta ce, "Fuskar faranti, ɗauko littahi. Rubuta: tsage ya kai Lami wurin Tani."

Na rubuta. Gaskiya ce.

Inna Tani ta tambayi mene ne, na ba ta labarin gardamar ina in'ina. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta juya wajen muryar yayarta.

"Lami, kin san mi ya sa nawa ya hi naki zurhi?"

Iya ta girgiza kai.

"Na jinjirantaka ya dushe. Ana gobe za a tahi da ni, Baba ya ce a sake bi, don kada in ɓace. Shekarata shida, ina da wayo. Inna ta riƙe mini kai. Ke kika zauna mini a ƙahwa."

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Kina kuka kin hi ni." Ta yi 'yar dariya. "Ba ƙorahi nike ba. Amma da na girma, duk ranar kasuwa sai in je inda motocin kudu ke saukewa in zauna, in juya musu kuncin hagu. Har na yi aure, har na haihu, har ido ya tahi. Shaidar tana nan, Lami. Mai nema ne babu. Sai da wannan ɗiya ta taso."

Sai ga jikokinta mata biyu sun shigo daga lakwal, fuskokinsu sumul. Suka durƙusa suka gaishe mu, ƙaramar ta yi murmushi. Iya ta zabura. Wushiryar yarinyar irin tata ce sak, irin ta Baba, irin tawa.

"Ba ki yi musu tsagen ba?" in ji Iya.

"Ban yi ma uwarsu ba ma. Ni ungozoma ce, na karɓi 'ya'yan rabin garin nan. Kowace da fuskarta take zuwa, a kammale." Ta lalubo hannun Iya. "Ita uwar ɗiyar, mi ta ce?"



"Ba a tambaye ta ba," na ce.

"To," in ji Inna Tani. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Kwana huɗu muka yi a Dakoro. Na ci cuku, na hau raƙumi na minti biyu na roƙi a sauke ni, na cika littafi har bangon baya. A hanyar dawowa Iya ta yi ta ba fasinjoji labarin ƙanwarta tun daga Maraɗi har Kurfi, amma ba ta ta da zancen gardama ba. Da muka isa gida ni na gaya wa Baba da bakina cewa na faɗi. Anti Maryam ta ce ba ta riƙe ni ba, ita ma da haka za ta yi. Wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan sati uku ta haihu. Aka sa wa yarinya Hajara, sunan yanka na Inna Tani. Ranar suna da safe Kawu Ilu ya zo da zabirarsa, ya shimfiɗa askake a kan fata. Mata sun cika tsakar gida. Iya ta karɓi jaririyar ta ɗora a cinya. Ni ina bayan ƙofa, na kasa kallo, na kasa tafiya.

"Maryama," in ji Iya. "Zo nan."

Anti Maryam ta fito ta durƙusa.

"Na ci gardama, kowa ya shaida. Amma ɗiya taki ce. Mi kika ce?"

Anti Maryam ta dubi Yaya Sanusi, ya dubi ƙasa. Ta dubi askake. A hankali ta ce, "Iya, a bar ta."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsuhwa."

"A bar ta, Iya."

"Ilu, ka ji. Gashi kaɗai."

Kawu Ilu ya ce shi da ma hannunsa ya fara rawa. Ya yi aski ya gama. Sai Iya ta zaro tandun kwallinta daga lalita, ta tsoma mucciyarsa, ta ja wa Hajara gajerun layuka uku a kuncin hagu. Yarinyar ko farkawa ba ta yi ba.

"Ke mai waya, ɗauka ki aika Faransa. In kika sake juya min jika, ni da ke ne."

Na ɗauka da kyamarar baya. Na duba sau uku. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo daga Dakoro, na kunna wa mata suka yi tsit. Ana jin jikar Inna Tani tana kwatanta mata hoton, sannan muryar tsohuwar:

"A hagu?"

"A hagu, Inna."

"Zai wanku?"

Iya ta fizge wayar daga hannuna, ta kai ta bakinta, ta ɗaga murya kamar Dakoro tana bayan katanga.

"Zai wanku, Tani! Da wankan la'asar ma zai tahi. In ta girma ta ce tana so, ga kwalli nan, ta ja da hannunta."